Hanyoyin Cikin Kwamfuta

Kwamfuta ta shigo ƙasarmu. Tana ofis, tana makaranta, tana shagon masu buga takardu. Wata rana ƙungiyarku za ta so sayen ɗaya, ko ɗanka ya ce ka saya masa. To, kafin ka fid da kuɗinka, ya kamata ka san wani abu game da cikinta.

In an buɗe kwamfutar tebur, za ka ga wani faffaɗan allo, kore ko baƙi. Masu gyara na Nijar suna ce masa kart-mer, na Nijeriya su ce madabod. Mu ce masa uwar allo. Duk kayan ciki a jikinta ake kafa su.

Dubi jikinta da kyau. Za ka ga siraran layuka na jan ƙarfe, kamar zare. Su ne hanyoyin da saƙo yake bi. Manyan hanyoyin sunansu PCIe. An fito da su a shekarar 2003. Kowane layi yana kai saƙo, yana kuma kawo wani a lokaci guda.

Shugaban kayan nan duka shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Amma layukan da yake da su ƙidayayyu ne. A yawancin kwamfutocin tebur, tsakanin 16 ne da 24. Katin hoto, wanda ke zana abin da kake gani, yana son layi 16 shi kaɗai. Sabon ma'aji mai sauri, wanda ake kira NVMe, yana son layi 4. Ka ga ai sun kusa ƙarewa ke nan.

To sauran kaya fa, ina za su bi? Suna da wakili. Sunansa cifset. Shi ne ke kula da ƙofofin USB, da ƙofar wayar intanet, da ƙofofin ma'aji irin na da, waɗanda ake kira SATA. Yakan kula da ƙofofin SATA 4 ko 6. Duk abin da ya tara, ta hanya ɗaya yake kai wa furosesa. Faɗin hanyar nan layi 4 ne ko 8.

Ka tuna gadar kogin Kwara, tsakanin Gaya da Malanbil. Kafin a rufe iyaka a 2023, manyan motoci daga tashar jirgin ruwa ta Kotonu nan suke bi. Motoci da yawa, gada ɗaya. In sun taru, dole wata ta jira wata. Haka yake ga wakilin nan. In kaya da yawa suna aika saƙo lokaci guda, sai gudu ya ragu.

Ga kuma abin da ya fi ruɗa mutane. Ramukan da ke jikin uwar allo sukan buƙaci layuka fiye da waɗanda ake da su. Saboda haka masu ƙera ta sukan sa ramuka biyu su yi tarayya. Kamar ban ruwa ne a lambu: in ka buɗe wa wannan fangali, sai ka toshe wancan.

Ga misali. Akwai wani ɗan rami mai suna M.2, inda ake sa sabon ma'aji. A uwar allo da yawa, da zarar an sa ma'aji a ramin nan, sai ƙofar SATA ɗaya ko biyu su rufe. In tsohon ma'ajinka a ƙofar nan yake, ba za ka gan shi ba. Takardun ƙungiya, lissafin kuɗi, hotunan biki, duk kamar sun ɓace. Wani sai ya ce ma'ajin ya mutu, ya jefar. Wani ya ɗauki kwamfuta daga Karakara har Gaya ko Doso, ya biya kuɗin mota, ya biya mai gyara. Alhali ba abin da ya lalace. A cire wayar ma'ajin a mayar da ita wata ƙofa, shi ke nan, komai ya dawo.

Haka kuma manyan ramukan kati. A wata uwar allo, in an sa kati na biyu, layi 16 ɗin nan sai a raba su, wannan 8, wancan 8.

Me ya sa ake son sabon ma'ajin duk da haka? Sauri. Ƙofar SATA ba ta wuce megabait 600 a daƙiƙa. NVMe kuwa a kan layi 4 yakan kai 3,000 ko fiye.

To, ga shawara:

1. Tambayi mai sayarwa sunan uwar allon da lambarta. Rubuta su, tun da yanzu ka iya.
2. Nemi littafinta. A ciki aka faɗi ramukan da suke tarayya.
3. Kafin a ƙara ma'aji, a kwafe takardunku a wani wuri.
4. Kashe kwamfuta, cire wayar wuta, kafin a taɓa cikinta.

Hausawa sun ce, matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin cifset?
2. Layi nawa ma'ajin NVMe yake so?
3. In tsohon ma'aji ya ɓace bayan an sa sabo, me za a fara dubawa?