SHARUƊƊAN TSIROWAR HABBATUSSAUDA DA KAMUN

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa ɗalibai da iyayen yara, da wuya a sami gida a Takur da ba a san habbatussauda ba, tun da ambatonta ya zo a hadisin Abu Huraira cikin Bukhari da Muslim. Amma sayenta muke yi, daga ƙasashe irin su Masar da Habasha da Indiya ake kawo ta. Wasu kan watsa ta a bayan gida da damina, in suka ga shiru sai su yanke hukunci wai ƙasarmu ba ta karɓarta. Galibi kuwa sharaɗi ne bai cika ba, kuma mun karanta a fiƙihu cewa in sharaɗi ya faɗi, abin da aka rataya a kansa shi ma ya faɗi.

Tanbihi: Larabawa na kiranta baƙin kamun, amma kamun na haƙiƙa daban yake. Shi dangin karas ne, ƙwayarsa doguwa ce ruwan ƙasa, ita kuwa baƙa ce mai kusurwa uku. Sai dai wajen shuka hukuncinsu kusan ɗaya ne. Ga sharuɗɗan:

Na farko, iri ya zama mai rai. Wanda ake sayarwa don ci, sau da yawa ya tsufa ko an soya shi, soyayye kuwa ba ya tsira har abada. Ka ƙirga ƙwaya 20, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye gindin randa inda ke da sanyi da duhu, kana yayyafa ruwa. Bayan mako biyu in ƙasa da 10 suka tsaga, to nemi wani irin, kada ka wahal da kanka.

Na biyu, lokaci, kuma shi ne babba. Waɗannan shuke-shuke na hunturu ne. Irin ya fi tsira in zafi na tsakanin digiri 15 da 20 ko kusa da haka. In ƙasa ta ɗau zafi sosai sai ya ƙi. Ruwan damina kuma ruɓar da saiwa yake yi. A jihohin Gujarat da Rajastan na Indiya, inda aka fi noman kamun a duniya, a Nuwamba zuwa Disamba suke shuka, su girbe a Fabrairu da Maris. Mu ma a Dutse sai a shuka farkon Nuwamba, da an ji iskar hunturu, domin suna buƙatar wata huɗu ko fiye. Wanda ya kai Janairu, zafin bazara zai riski furen ya ƙone shi, ka ga sai baɗi ke nan.

Na uku, wuri da zurfi. Ƙasar jigawa irin tamu ta dace, don ba ta riƙe ruwa. A ja fangali, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanye. A jiƙa irin da dare, da safe a tsane shi, a gauraya da rairayi don ya watsu daidai. Kada zurfin ya wuce santimita 1 zuwa 2, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Kuma a shuka inda zai zauna, domin saiwarsa guda ce mai nutsewa, ba ta jure dashe kamar tumatir.

Na huɗu, ban-ruwa. Yayyafi ake yi safe da yamma, ba kwarara ba, don kada ruwa ya kwashe irin. A shimfiɗa ciyawa sama-sama saboda iskar hunturu na busar da ƙasa, a ɗauke ta da an ga tsiro. Tsiron kan fito tsakanin kwana 10 da 14, wani lokaci har 20, saboda haka ban da tono ana dubawa. In ya kai tsawon yatsa a rage shi, a bar kamar taƙi ɗaya tsakani.

Shawarata ga kowane aji, a fara da fangali ɗaya, a rubuta ranar shuka da ranar tsiro a littafi, kuma a ware iri daga abin da aka girbe, don sabon iri ya fi na kasuwa. Mu riƙi sababi, tsirarwa kuwa ta Allah ce. Wallahu a'alamu.