Sudar Dutsen Kupe: Tsuntsuwar da Ta Ɓuya Shekaru 38

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san suda da yawan surutunta. Sai dai kaɗan ne suka san cewa tana da 'yar'uwa a kurmin Dutsen Kupe, wanda ke kudu maso yammacin Kamaru, mai tsawon mita 2,064.

Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, William Serle, shi ne ya fara samun wannan tsuntsuwa a shekarar 1949, ya kuma bayyana siffofinta ga masana a 1951. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a 1989. Daga baya an gan ta a duwatsun Bakossi, da kuma wani kurmi a Jihar Kuros Riba ta Nijeriya. Sunanta na kimiyya shi ne Chlorophoneus kupeensis.

Tsawonta bai wuce santimita 20 ba. Bayanta kore ne, kanta da ƙirjinta ruwan toka, fuskarta kuwa baƙa kamar an ɗaura mata takunkumi. Maƙogwaronta fari ne fat. Ƙwari ne abincinta, musamman fara da tsutsotsi, waɗanda take tsinta a jikin ganye da rassa. Takan yi kiwo bibbiyu ko uku-uku. Kukanta iri biyu ne: akwai fito mai zaƙi, akwai kuma surutu mai kaushi. Sau da yawa da kunne ake gane tana kusa, ba da ido ba.

To, me ya sa take da wuyar gani haka? Dalili shi ne ba ta zama sai a tsohon kurmi, a tsakanin kimanin mita 900 zuwa 1,500 daga doron teku. Saboda haka kowane dutse tamkar tsibiri yake a gare ta. Idan manoma suka sare kurmin da ke gangaren dutsen don shuka koko ko gwaza, ba ta da inda za ta koma. Shi ya sa Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Ɓuyar da ta yi a baya ta ƙare, domin kurmin yana nan. In kuwa kurmin ya tafi, babu sauran mai sake gano ta.