A-kori-kura na shan mai: Ba kullum laifin kafireta ba ne

Har yau tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, su ke kwaso buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ta fara shan fetur fiye da ƙima cinye ribar mai ita take yi. Da direba ya kai ƙorafi gareji kuwa, kafireta ake fara kwancewa.

Sau da yawa ba ita ce da laifi ba. Inji na buƙatar mai da iska da wuta, kuma dole wutar ta zo a kan lokaci. Wannan shi ne taimin.

A waɗannan motoci, kwantak ɗin da ke cikin distirbuta ne ke ba da wutar. Tazarar bakinsa kusan milimita 0.4 ce. Yau da gobe ɗan dunduniyar da ke buɗe shi yana cinyewa, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa makara. Sai mota ta yi sanyin jiki a hawa, inji ya ɗau zafi, direba ya ƙara taka totur, mai ya zube. Ko sau goma za a wanke kafireta, jiya i yau. Idan kuma wutar ta yi gaggawa, za a ji inji na ƙwanƙwasa in an ɗauko kaya, sitata ma tana tirjewa wajen tayarwa.

Shi ya sa gogaggen bakanike ke farawa da wuta. Ya gyara tazarar kwantak tukuna, domin taɓa ta na sauya taimin, ya tabbatar wayoyin fulogi na bin tsarin 1-3-4-2, ya duba siririn tiyon da ya haɗa kafireta da distirbuta ko ya tsage. Sannan ya saita taimin. Da yawa da kunne suke yi, suna juya distirbuta har ƙara ta yi daɗi, amma fitilar taimin ta fi kunne gaskiya.

Bayan nan ne ake komawa kan kafireta, kuma fulogi ne shaida. In ya yi baƙi ƙirin, ga baƙin hayaƙi a salansa, mai ya yi yawa: ko fulot ya maƙale, ko cok bai buɗe ba, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In ya yi fari fat, inji na tari ta bakin kafireta, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta gasket. Dattin man bumburutu ma na toshe jet. Iska ake hura masa. Masu zura waya faɗaɗa ramin suke yi, daga nan motar ba ta daina shan mai sai an sayi sabon jet.