Yadda Buhun Wasiƙa Ya Kawo Jirgin Sama Kano

Idan aka tambayi mutum ta ina jirgin sama na haya ya fara shigowa Najeriya, da wuya bai ce ta Legas ba, tunda can ne bakin teku, can ne kuma fadar gwamnatin Turawa a lokacin. Amma ba haka abin ya faru ba. Jirgin da ya buɗe harkar a watan Fabrairun 1936 daga gabas ya fito, daga Hartum ta ƙasar Sudan, ya yada zango a Maiduguri, ya tuƙe a Kano. Sai a watan Oktoba na wannan shekarar aka miƙa hanyar har Legas. Babban kayan da ya ɗauko kuwa buhunan wasiƙu ne, kuma kamfanin da ya mallake shi sunansa Imperial Airways.

An kafa kamfanin a Ingila a 1924, bayan gwamnatin Birtaniya ta ga ƙananan kamfanoninta na jiragen sama suna neman durƙushewa a gaban na Faransa, waɗanda gwamnatinsu ke ɗaure wa gindi da kuɗi. Sai aka haɗe guda huɗu wuri ɗaya: Handley Page Transport, Instone Air Line, Daimler Airway da British Marine Air Navigation. Gwamnati ta yi alkawarin tallafin fam miliyan ɗaya cikin shekara goma, aka kuma ba sabon kamfanin filin jirgi na Croydon, kudu da Landan, a matsayin mazauninsa.

Tun daga sunan an san inda aka dosa. Manufar ita ce a ɗinke ƙasashen da Ingila ke mulka, daga Masar zuwa Indiya, zuwa Afirka ta Kudu da Ostireliya, ta yadda takardar gwamna ko ta ɗan kasuwa za ta daina kwashe makonni a cikin jirgin ruwa. Kuma a lissafin kamfani, wasiƙa ta fi fasinja daɗin sha'ani nesa ba kusa ba. Ba ta cin abinci, ba ta neman masauki, ba ta amai idan iska ta girgiza jirgi, kuma gidan waya yana biyan kuɗinta bisa yarjejeniya, ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Jiragen wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar kaya mai nauyi, don haka nauyin mutum ɗaya da akwatinsa, idan aka mayar da shi wasiƙu, dubbai ne, kowace da kan sarkinta.

Hanyar farko mai nisa da kamfanin ya karɓa ita ce ta Alƙahira zuwa Basra, a watan Janairun 1927. Sojojin saman Ingila ne suka riga suka share ta, suna kai wasiƙu Bagadaza tun 1921. Da yake hamadar da ke tsakanin Amman da Bagadaza ba ta da wata alama da matuƙi zai gane daga sama, sai aka ja garma a ƙasa, aka yi kunya doguwa ta ɗaruruwan mil, matuƙi ya riƙa leƙowa yana bin ta da ido. A 1929 hanya ta kai Karachi, tafiyar mako guda daga Landan. A 1931 aka bi kogin Nilu har Mwanza a gaɓar tafkin Victoria, a 1932 kuma aka kai Cape Town. A ƙarshen 1934 wasiƙa ta fara isa Ostireliya ta sama, da haɗin gwiwar kamfanin Qantas.

Kada mai karatu ya ɗauka tafiya ce irin ta yau. Jirgin da kamfanin ya fi tinƙaho da shi, Handley Page HP.42, gudunsa na yau da kullum kusan mil 100 ne a awa, kuma galibi da rana ake tafiya, dare ya yi a sauka a kwana. Wani abin dariya ma shi ne, saboda taƙaddama da Italiya a kan izinin ratsa samaniyarta, an yi shekaru ana sauke fasinja da buhunan wasiƙu a Turai a zuba su a jirgin ƙasa, su kwana suna tafiya har tashar Brindisi, sannan su sake hawa jirgin sama. A haka dai aka ci gaba da kiran ta wasiƙar sama.

Da wannan babbar hanya ta Nilu ta kafu, sai jona Najeriya ta gabas ya fi sauƙi a kan biyowa ta gaɓar teku, inda yawancin ƙasar ke hannun Faransa da Sifaniya. An ma riga an gwada hanyar. A 1925 jiragen soja uku ƙirar DH.9A, ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Shekara goma da 'yan watanni bayan haka Imperial Airways ya sa jirgi ƙirar DH.86, mai inji huɗu da fukafukai hawa biyu, yana jiran babban jirgi a Hartum, ya karɓi buhunan Afirka ta Yamma ya yiwo yamma da su sau ɗaya a mako.

Duk Bahaushen da ya ji zangunan wannan jirgi zai gane su: El Obeid, El Fasher, Geneina, Abeche, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, Maiduguri, Kano. Tsohuwar hanyar alhazai ce, ta Kordofan da Darfur da Wadai da Borno, wadda kakanninmu suka bi a ƙasa da jakuna da takarkarai, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu su zauna a Sudan har jikokinsu. Masu tsara taswira a Landan ba aikin hajji ne a gabansu ba. Garuruwan da ke da ruwa da kasuwa da hukuma suka nema, su ne kuwa waɗanda ayari ya daɗe da sani. Jirgin yakan cinye tafiyar cikin 'yan kwanaki.

Ribar abin a fili take. Kafin nan wasiƙar Ingila sai ta yi kusan mako biyu a jirgin ruwan Elder Dempster daga Liverpool zuwa Legas, sannan ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Ta sama kuwa kusan mako guda ne. Sai dai a faɗi gaskiya, wanda ya fi cin moriyar wannan sauri shi ne Razdan da Di'o da manajojin kamfanonin sayen gyada da fata. Talakan da ke noma gyadar, jirgin kawai yake gani yana wucewa. A 1937 wani kamfani na haɗin gwiwa da Elder Dempster, mai suna Elders Colonial Airways, ya ƙarasa da buhunan daga Legas zuwa Accra.

A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta fito da shiri mafi girma. Daga ƙarshen Yunin 1937 aka fara ɗaukar duk wasiƙar da za ta ƙasashen da ke kan manyan hanyoyin kamfanin ta sama, ba tare da ƙarin kuɗi ba, a kan ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, ga kowane rabin oza. An fara da gabashi da kudancin Afirka, Indiya da Ostireliya suka biyo baya a 1938. Domin wannan aiki kamfanin ya yi odar jirage 28 masu sauka a kan ruwa daga kamfanin Short, tun ba a ƙera ko ɗaya an gwada ba. Araha ta jawo cunkoso. Lokacin Kirsimeti wasiƙu sukan yi yawan da sai an rage kujerun fasinja, an kuma nemo ƙarin jirage.

Ƙorafi ya yi yawa a majalisar Ingila cewa kamfanin ya yi sake a Turai, jiragensa kuma sun tsufa idan aka gwada da na KLM da Lufthansa. Rahoton kwamitin Cadman na 1938 ya caccaki shugabancinsa, aka yanke shawarar haɗe shi da British Airways na lokacin, aka haifi BOAC, wanda ya fara aiki a Afrilun 1940. Kafin nan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumban 1939, shirin ahu ya tsaya.

Hanyar Kano zuwa Hartum kuwa a lokacin yaƙin ne ma ta fi cika. Da Bahar Rum ta zama fagen fama, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi rukuni-rukuni ta Legas da Kano da Maiduguri da El Fasher har Masar. Daga 1940 zuwa 1943 jirage dubbai ne suka bi ta nan, suna shan mai a filayen da aka share domin jirgin wasiƙa mai zuwa sau ɗaya a mako.