Faifan Shata Ba Na Gurzawa Ba Ne

Duk wanda ya gaji faifan garmaho na Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a ƙasan adakar mahaifinsa, a Rano ko Kibiya, ya yi hattara ranar da saurayin DJ zai zo aro. Salon gurza faifai da hannu a ƙarƙashin allura, wanda ya samo asali a Amurka cikin shekarun 1970, yana da daɗin ji, amma kowace gurza cinye zanen da muryar ke kwance a ciki take yi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya kuwa a 2015. Babu mai sake rera su. A kwafe waƙar a kwamfuta, a jingine faifan a tsaye nesa da zafin rana, DJ ya yi wasansa da kwafin.