Leburorin Gona da Dokar Ƙwadago a Amurka

A shekarar 1935 Majalisar Dokokin Amurka ta bai wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya su yi ciniki da masu kamfani a kan albashi. A 1938 kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi da ladan aikin wuce lokaci. Duka dokokin biyu sun tsame leburan gona. Masana tarihi da dama suna ɗora laifin a kan 'yan majalisar jihohin kudu, inda baƙaƙen fata ke tsinkar auduga, domin gwamnatin Shugaba Roosevelt ba ta iya zartar da komai sai da ƙuri'unsu.

Haka aka ci gaba har watan Satumba na 1965, lokacin da 'yan asalin Filifin masu tsinkar inabi a Delano ta jihar Kalifoniya suka ajiye aiki ƙarƙashin Larry Itliong. Ba a jima ba 'yan asalin Meksiko, waɗanda Cesar Chavez da Dolores Huerta ke jagoranta, suka mara musu baya. Mai gona yana iya korar su ya kwaso wasu, ba mai ce masa don me. Sai suka koma kan masu saye, suna tsayawa ƙofar kantuna suna roƙon jama'a su ƙaurace wa inabi. Abin ya ja shekara biyar kafin manoman su sa hannu a yarjejeniya a 1970.

A 1975 Kalifoniya ta yi tata dokar da ta ba leburan gona damar zaɓen ƙungiya ta ƙuri'ar sirri. A wannan shekarar ce kuma aka hana aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota a jihar, bayan an kai maganar kotu. Manomin da ya saba da hauya zai yi mamakin a ce fartanya ta kai gaban kotu. Amma wanda ke noman gonarsa yana miƙewa ya huta in bayansa ya ƙage. Lebura kuwa a duƙe yake wuni, kuma duk wanda ya miƙe, mai sa ido ya hango shi daga nesa.

Tun 1966 mafi ƙarancin albashi ya shafi manyan gonaki, amma har yau dokar tarayya ba ta tilasta biyan leburan gona ladan wuce lokaci, sai dai jiha ta ga dama. Yaro ɗan shekara 12 ma yana iya ƙwadago a gona bayan an tashi makaranta, muddin iyayensa sun yarda.