Tajuddin Ahmad

Tajuddin Ahmad (23 ga Yuli, 1925 – 3 ga Nuwamba, 1975) ɗan siyasa ne ɗan ƙabilar Bengali, kuma firaministan farko na ƙasar Bangladesh. Shi ne ya jagoranci gwamnatin wucin gadi a lokacin yaƙin neman 'yanci na shekarar 1971, daga baya kuma ya riƙe muƙamin ministan kuɗi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Dardaria da ke yankin Kapasia, a gundumar Gazipur ta yanzu, lokacin mulkin mallakar Turawan Ingila. Ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Dhaka, sannan ya yi digiri a fannin shari'a.

Siyasa

Bayan raba Indiya a 1947, gabashin Bengal ya zama ɓangare na Pakistan. Tajuddin ya shiga jam'iyyar Awami League, kuma a zaɓen 1954 ya ci kujerar majalisar lardin. A 1966 ya zama babban sakataren jam'iyyar, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da shugabanta Sheikh Mujibur Rahman. A wannan shekarar aka tsare shi saboda fafutukar neman wa Gabashin Pakistan ikon gudanar da harkokinta, ba a sake shi ba sai 1969.

Yaƙin neman 'yanci

Awami League ta lashe zaɓen 1970, amma gwamnatin soja ta ƙi miƙa mata mulki. A daren 25 ga Maris, 1971, sojojin Pakistan suka far wa birnin Dhaka, suka kama Mujib. Tajuddin ya tsallaka zuwa Indiya, inda ya gana da firaminista Indira Gandhi don neman goyon baya. Ranar 17 ga Afrilu aka rantsar da gwamnatinsa a Baidyanathtala, wurin da aka sauya wa suna zuwa Mujibnagar. Daga Kolkata ya riƙa tafiyar da al'amuran gwamnati da na mayaƙan Mukti Bahini, har sojojin Pakistan suka miƙa wuya ranar 16 ga Disamba.

Ministan kuɗi

Da Mujib ya dawo gida a watan Janairun 1972, Tajuddin ya bar masa kujerar firaminista, ya karɓi ma'aikatar kuɗi. Shi ya gabatar da kasafin kuɗin ƙasar na farko. Sannu a hankali dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Mujib, har ya sauka daga muƙaminsa a watan Oktoban 1974.

Mutuwa

Wasu hafsoshin soja sun kashe Mujib ranar 15 ga Agusta, 1975, sannan sabuwar gwamnati ta tsare Tajuddin. Ranar 3 ga Nuwamba aka kashe shi a babban gidan yarin Dhaka tare da Syed Nazrul Islam da Muhammad Mansur Ali da A. H. M. Qamaruzzaman, dukansu jagororin gwamnatin 1971.

Iyali

Matarsa Syeda Zohra Tajuddin ta jagoranci Awami League bayan rasuwarsa. 'Yarsa Simeen Hussain Rimi da ɗansa Sohel Taj duk sun zama 'yan majalisar dokoki.